Farantin Injiniya

Bari in fara da laifina tun kafin wani ya riga ni faɗa. Ni na ɗauki farantin. Wata Asabar ce, kakanmu Baba Tsoho ya tafi taron zumuntar maza a coci, na shiga ɗakinsa neman ƙusa, sai na ga wani farantin ƙarfe mai faɗin littafin rubutu yana ƙyalli a kan tebur. Wani yaro a layinmu ya taɓa rantse mini da kabarin kakarsa, wadda tana nan da ranta har gobe, cewa shaho na tsoron abu mai ƙyalli. Na zura farantin cikin riga, na hau bayan kicin, na shimfiɗa shi a rufin akurkin tantabaruna, na danne gefensa na sama da ɗan katako, na buga ƙusa. Shahon dai ba wanda ya kai masa labari. A makon nan ya ɗauke mini biyu, ina jin ma a farantin ya duba fuskarsa kafin ya sauko.

Kande da Bulus, don ku nake rubuta wannan. Na ji abin da kuke faɗa wa yara a makaranta, wai yayanku Ishaya ya tada kwamfutar da ta gagari injiniyoyi bakwai, har wai an zo daga Legas ana roƙona. Ba ni na sa ku ba, amma ban hana ku ba, don labarin ya yi mini daɗi. Yanzu na tsufa, shekarata goma sha bakwai, gwiwata har ta fara ƙara in na tsuguna, kuma bai kamata dattijo ya bar ƙarya a bayansa ba. Lokacin da abin ya faru kuna hutu a Gonin Gora, gidan Kawu Luka, ba ku ga komai ba. To ga yadda aka yi.

Kuna tuna Injiniya, abin nan da ke lungun ɗakin Baba Tsoho lulluɓe da zanin marigayiya Kaka. Baba Tsoho ba ya yarda a ce masa kwamfuta.

"Kwamfuta ta sakatare ce," in ji shi. "Wannan wakisteshan ne. Ba ya rubuta wasiƙa. Ƙarfe yake zanawa."

Akwatinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar tiren raba abincin biki, amma gilashin da ke zaune a kansa, ƙaton talabijin mai doguwar ƙeya, ya fi buhun siminti nauyi. In an kunna shi sai ya ce bumm, fitilar falo ta dusashe, kajin maƙwabta su yi shiru na ɗan lokaci. Baba Tsoho ya yi aikin zanen kayan inji a wata masaƙa a Kakuri har ranar da aka rufe ta. Da 'yan gwangwan suka zo kwashe ƙarafa, sai ya tsaya a ƙofar ofishin zane ya ƙi matsawa, har manajan da ya rage ya gaji ya ce ya ɗauka ya tafi. Shi da abokinsa Malam Mudi, makanikin masaƙar, suka turo shi a baro tun daga Kakuri har gidanmu a unguwar Television. Malam Mudi ya ce tun ranar bayansa bai sake miƙewa ba.

Tarihin Injiniya kuwa na ji shi sau dubu, ko a barci zan iya karanta shi. Da farko, in ji Baba Tsoho, babu komai sai allon katako da rula da tawada, in ka yi kuskure ka kankare da reza, in takardar ta huje ka sake aikin mako guda. Da aka tura shi kwas, ya tarar da wani gilashi mai koren haske da ke ja layi ɗaya bayan ɗaya, kamar akwai mai alƙalami a ciki. Amma ba a share layi ɗaya a kansa. In ka yi kuskure sai gilashin ya yi wal kamar walƙiya, komai ya ɓace, a fara daga farko. Kuma shi gilashin ba shi da ƙwaƙwalwar kansa, wata uwar kwamfuta ce a wani ɗaki take yi wa kowa tunani, kana jiran layinka kamar mai ɗiban ruwa a famfo. Sai aka zo zamanin irin su Injiniya, kowane mai zane da nasa injin a gabansa. Gilashinsu ɗigo-ɗigo ne, injin ya san kowane ɗigo, kana iya goge ɗaya ka bar sauran. Na farkon baƙi da fari ne kawai. Injiniya kuwa yana nuna kala ɗari biyu da hamsin da shida a lokaci ɗaya, kuma Baba Tsoho yana faɗin wannan adadin kamar mai lissafa shanunsa. Yana zana ƙarfe da layi kamar kejin waya, ka ga gabansa da bayansa, ka juya shi ta kowane gefe. In kana so ya rufe kejin ya zama kamar ƙarfen gaske mai haske da inuwa, sai ka ba shi umarni ka tafi shan shayi. A duk masaƙar ɗakinsa ne kaɗai mai na'urar sanyi. Manaja na zufa a ofis, inji na shan iska, kuma sai ka cire takalmi za ka shiga.

Na taɓa nuna masa wasan mota a wayata, mai ruwan sama da hayaƙi da komai, na ce wannan ta fi Injiniya ƙarfi sau miliyan. Ya duba, ya miƙo mini.

"To me ka taɓa ƙerawa da ita?"

Tun da Kaka ta rasu bai sake yaye zanin ba, shi ya sa farantin ya shekara a rufin akurki ba wanda ya neme shi. A shekarar ce kuma Baba Tsoho ya fara mantuwa. Ya bar butar shayi a kan risho har gindinta ya huje. Ya tafi coci ranar Talata cikin kwat ɗinsa na Lahadi. Wani lokaci ya kira ni Danjuma, sunan ɗansa da ya rasu tun ba a haife ni ba. Mama tana shago daga safe har yamma, hankalinta rabi a kasuwa rabi a gida. Kawu Luka ya fara kawo maganar a mai da shi ƙauye wurin ƙanwarsa, inda akwai mutane a tsakar gida koyaushe. Baba Tsoho ya ce shekararsa hamsin a Kaduna, ba wanda zai ajiye shi a gindin mangwaro yana jiran mutuwa. Mama ta tsaya a tsakiya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Ana haka sai ga Malam Mudi wata Litinin da safe, daga Makera inda yake da shagon sassaƙa ƙarfe, da baƙar leda a hannu.

"Tsohon banza, kana nan da rai?" in ji Malam Mudi.

"Sai na ga bayanka tukuna. Me ka ɓata kuma?"

Ya zazzage ledar a tabarma. Wani wili ne mai haƙora, ya karye gida uku, rabin haƙoran sun cinye. Wani ƙaramin kamfanin buhu a Kudenda ne ya sayi tsohon injin saƙa, wilin ya fashe, ba a samun irinsa a kasuwa, kuma abin da ya rage bai isa a auna ba. Baba Tsoho ya ɗauki gutsure ɗaya ya juya shi a hannu.

"Haƙoransa talatin da shida ne. Ni na zana shi, lokacin da na Turawan ya riƙa cinyewa. Yana cikin Injiniya."

Washegari da safe aka kawo wuta, Mama ba ta fita ba tukuna. Baba Tsoho ya yaye zanin, ya danna. Bumm. Ya buɗe wani ɗan littafi ya kwafi wasu haruffa, don Injiniya ma ya manta kwanan wata, kullum tashi yake yana zaton ba a haifi Mama ba. Gilashi ya yi haske, wata 'yar kibiya ta fito a tsakiya. Baba Tsoho ya ɗora hannu a kan maus, sai ya tsaya.

"Ina farantin?"

"Wane faranti, Baba?" in ji Mama. "Ai ka sha kokonka."

"Farantin maus. Na ƙarfe, mai layi-layi."

Ya yi mata bayani cewa wannan maus ɗin idanu biyu gare shi a ƙasa, layukan farantin yake ƙirgawa ya san inda ya dosa, in babu farantin makaho ne. Mama kuwa tana taɓa kwamfuta a ofishin coci, ta san abin da ta sani.

"Baba, maus a kan tebur yake tafiya. Ko a cinya ka ɗora shi zai tafi. Ba ya cin abinci balle a ba shi faranti."

Ina tsaye a bakin ƙofa. Na so in yi magana, sai na tuna abu biyu. Na farko hannun Mama, wanda in ya sauka a ƙeyarka sai ka ga taurari da rana tsaka har ka ƙirga su. Na biyu, tun lokacin da tantabaruna suka ɓata mata shanya ta rantse cewa laifi ɗaya ya rage, duk su shiga tukunya. Sha ɗaya ne a lokacin, kowace da sunanta. Na haɗiye maganar, na ce bari in je ɗebo ruwa.

Ranar Laraba Kawu Luka ya zo da maus ɗinsa na ofis, bakin wayar bai shiga ko'ina a jikin Injiniya ba. Ya gwada na Baba Tsoho a kan madubi, a kan tire, a kan murfin tukunya, a kan kalandar coci. Kibiya ko gezau.

"Baba, injin nan ya mutu. Babu wani faranti. Ni ban taɓa jin maus mai faranti ba."

"Abin da ba ka taɓa ji ba ai ya fi Kaduna girma, Luka."

Daga nan Baba Tsoho ya shiga nema. Ƙarƙashin gado, cikin akwatin Kaka, cikin buhun masara, bayan tulu. Ranar Alhamis maƙwabciyarmu ta tsinto shi a bolar bayan layi, yana tona shara da sandarsa, ta riƙo hannunsa ta kawo shi gida, yara na biye. Wannan ne ya yanke hukunci. Na ji Mama a waya a bayan kicin.

"Luka, ka zo da motar ranar Asabar. Yau bola ce, gobe ban san ina ba."

Ni kuwa ina saman kicin ɗin a zaune, farantin na daidai kunnena. Na zama lauyan kaina, kuma na ƙware. Na ce ai ko ba faranti Baba Tsoho na mantuwa. Na ce iskar ƙauye na da kyau ga tsofaffi. Na ce rana da ruwa sun riga sun kashe farantin, ko na sauko da shi ba zai yi aiki ba, sai a yi asarar tantabara sha ɗaya a banza. Kotu ta wanke ni, na sauko na ci tuwo har da ƙari.

Ranar Juma'a da la'asar na wuce ta ƙofar ɗakinsa. Mama ta shimfiɗa jaka a kan gado, ta koma kicin. Shi da kansa yake ninke rigunansa yana sawa. Bai yi faɗa ba, bai yi maganar mangwaro ba.

"Ishaya, zo."

Bai ce Danjuma ba. Na shiga.

"Kai kana shigowa ɗakin nan. Ka taɓa ganinsa, ko? Mai layi shuɗi-shuɗi, yana ƙyalli." Ya kalli rigar da ke hannunsa. "Ko dai ni na ƙirƙiro shi a kaina?"

Ina so in ce muku nan take na faɗi ƙasa ina kuka. Ba haka aka yi ba. Cewa na yi, "Ban lura ba, Baba Tsoho."

"To," ya ce. Ya sa rigar a jaka, ya ɗauki wata.

Na fita tsakar gida na tsaya. Ban san minti nawa ba. Daga nan na ɗauki hamar da ke bayan tulu na hau kicin. Tantabarun suka tashi fir, suna zagaye kaina kamar sun san me ake ciki. Ƙusoshin sun yi tsatsa, ɗaya ta yanke ni a yatsa. Na sauko da farantin, ya dusashe, kashin tsuntsu ya yi masa taswira, na shiga ɗakin na ajiye shi a kan jakar.

Baba Tsoho ya daɗe yana kallonsa. Ya ɗauka, ya goge da hannun rigarsa, ya ɗaga murya.

"Rifkatu! Zo ki ga abin da babu."

Mama ta shigo da ludayi a hannu. Ta kalli farantin, ta kalli huda huɗun ƙusa, ta kalli yatsana. Mama ba ta buƙatar ɗan sanda.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun Talata."

Na rufe ido ina jiran taurari. Ba su zo ba. Ta zauna a bakin gado, ta ajiye ludayin a cinya, ta ce, "Ubana a bola, kai kana kallo." Da ta mare ni ya fi mini sauƙi. Baba Tsoho kuwa ya ɗaga farantin a haske yana duba shi ta gefe.

"Ɓarawon banza," ya ce. "Da kashin tsuntsu kuma. Abin da ake cire wa takalmi."

Amma ganin faranti bai kashe magana ba. Kawu Luka ya iso ranar Asabar da hantsi, ya juya shi gaba da baya, ya ce ƙarfe ne kawai, ƙila murfin wani abu ne, kuma ya riga ya sha mai a mota don tafiyar ƙauye. Babu wuta. Baba Tsoho ya sa na kira Malam Mudi, ya zo da ɗan janaretansa a keke. Da aka kunna Injiniya janaretan ya yi tari kamar zai bar duniya, sannan ya daure. Baba Tsoho ya kwafi haruffansa, ya ɗora maus a kan farantin, ya tura dama. Kibiya ta tafi dama. Malam Mudi ya yi kabbara. Baba Tsoho ya tura sama. Kibiya ta ƙi. Ya sake. Ta ƙi.

"Layukan kala biyu ne," ya ce a hankali. "Ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. Rana ta cinye shuɗin."

Abin da zai danna kuwa can saman gilashin yake. Kawu Luka ya duba agogo. Ni ne na san farantin nan fiye da kowa, shekara guda muna zaune tare, sai na nuna gefen da katako ya danne. Nan rana ba ta taɓa ba, shuɗin na nan raɗau, amma faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Baba Tsoho ya gwada. Hannunsa na rawa, maus ɗin na zamewa daga wurin, kibiya ta hau kaɗan ta tsaya. Ya gwada sau uku, ya janye hannu.

"Zauna, ɓarawo."

Aikin injiniyan da kuke ba da labari ke nan. Na tura maus yatsa biyu, na ɗaga, na dawo da shi, na sake turawa, kamar kaza na tonon ƙasa. Ina jin na yi tono ɗari bakwai. Baba Tsoho na tsaye a kaina da hannu a kafaɗata.

"Sama. Sama. Hagu kaɗan. Maɓallin tsakiya, jaki, uku ne, na tsakiya na ce. Sauka biyu. Danna."

Bai duba littafi ba ko sau ɗaya. Sunayen zane suka jero, sun fi ɗari, ya nuna ɗaya da yatsa ba tare da ya karanta sauran ba. Injiniya ya yi gurnani, gilashi ya yi baƙi, sai layuka kore da rawaya suka fara fitowa, suka haɗu suka zama wili, kamar kejin waya, ana ganin bayansa ta cikinsa. Baba Tsoho ya danna wani abu a kibod, wilin ya fara juyawa, yana tsayawa yana ci gaba kamar mai ciwon ƙugu. Malam Mudi ya sa ya tsayar da shi, ya manna yatsa a gilashi yana ƙirga haƙora da ƙarfi. Ya kai talatin da shida ya juyo.

"Luka, ni da na ga wilin nan kullum shekara da shekaru ban tuna ba. Wa za ka kai ƙauye, ni ko shi?"

Baba Tsoho ya ba da umarnin a rufe kejin, ya ce wa Mama ta ɗora shayi. Ta ɗauka wasa ne, amma ta tafi. Har ruwa ya tafasa, ta kawo kofuna, Injiniya na rabin wili, yana saukowa layi-layi daga sama, ƙarfe mai ruwan toka da haske a gefe guda. Ta tsaya da tire a hannu har ya gama. A kusurwar ƙasa akwai sunan Baba Tsoho cikin ƙananan haruffa. Malam Mudi ya kwafi awon a bayan kwali, ni na ɗauki hoto da wayar nan da ba ta taɓa ƙera komai ba.

Kawu Luka ya sha shayinsa ya koma Gonin Gora shi kaɗai. Mama ba ta ce ta yi kuskure ba, kuma ba duka ta yi ba, don da yammar nan Baba Tsoho ya ce, "Danjuma, miƙo mini sandata." Ta dai fitar da rigunan daga jaka ta mayar cikin akwati, ta kwashe risho daga ɗakinsa, ta roƙi maƙwabciyarmu ta riƙa leƙowa, ta kuma ɗora mini aikin dawowa gida kai tsaye daga makaranta. Alkawarinta kuwa ta cika shi. Farfesun da kuka sha ranar da kuka dawo hutu, wanda kai Bulus ka nemi ƙari sau biyu, na tantabaruna ne, har da Sarauniya a ciki da Ɗan Baƙi.

Malam Mudi ya sassaƙa wilin, ya shiga daidai, injin Kudenda ya ci gaba da saƙa buhu. Injiniya ya ƙara wata biyu. Wata safiya aka kunna shi, maimakon bumm sai ya ce fis, ƙeyarsa ta yi hayaƙi, ɗakin ya cika da ƙauri. Baba Tsoho da kansa ya tsayar da ɗan gwangwan a layi, mutum uku suka ɗaga gilashin. Farantin ne kaɗai ya hana a tafi da shi. Baba Tsoho bai je ƙauye ba. Yana ɗakinsa yanzu haka, kuma farantin nan mai huda huɗu da yake ɗora kofin shayinsa a kai, shi ne.